Hannun Hagun Yaya Lawali

Bana shekara shida ke nan da muka kai Yaya Lawali makwancinsa. Ni ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, direban babbar mota, alƙalami ba sana'ata ba ce. Amma duk shekara in watan ya kewayo sai abin ya tokare mini ƙirji, bana kuwa na ce bari in sauke shi a nan.

Wanda ya san rumfunan kilishi na Yamai ya san aikin na hannu biyu ne. Tsoka guda za a ɗora bisa katako, dama tana yanka, hagu tana ja, ana warware ta kamar rawani har ka hangi hasken rana ta cikinta. In wuƙa ta dakushe ko kaɗan, naman yagewa yake yi. Yaya ya shiga wannan sana'a tun yana saurayi, zuwansa daga garinmu can wajen Madawa. Da kansa yake wasa wuƙarsa a dutse, in ya gama ya shafa ta a damtsensa na hagu. Gashi ya zube, ta yi ke nan. Bai taɓa ba kowa aron wuƙar nan ba, har ni.

Wata tafiya na dawo daga Kwatano da tsarabar da na ɗauka ta fi kowace: na'urar wasa wuƙa, na tsinto ta wurin 'yan gwanjo. Tana da baki kamar awartaki, shi ke damƙe wuƙa ta tsaya cak. Sai dogon ƙarfe da ake zurawa cikin rami, dutsen washi a maƙale jikinsa, duk jan da ka yi a karkace ɗaya zai bi kaifin, ba ya hawa ba ya sauka. Na kai masa ina ta washe baki. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Issufu, wannan ai ƙarfen ragwaye ne. An yi shi don wanda Allah bai ba hannu ba." Ya tura ta ƙarƙashin gado. Na ji haushi ƙwarai, amma wa ke gardama da Yaya a kan wuƙa?

Ana nan hawan jini ya kayar da shi a rumfa, ɓarinsa na hagu ya shanye. Bayan jinya a lopital, wato asibiti, bakinsa ya daidaita, ƙafa ta dawo tana jan ƙasa, hannun kuwa ya tafi ke nan. Mutumin da hantsi bai taɓa iske shi a gida ba, sai ga shi zaune a zauren gidan da yake haya a unguwar Banifandu, yana kallon bango. Masu gaisuwa suka zo suka gaji. Abin da ya fi cin raina, ko sunan rumfar ba ya son a ambata.

Sai Kawu Abdu, ƙanen mahaifinmu, ya zo daga gida da shawarar dangi: a maida Lawali ƙauye, a kula da shi. Ba da mugunta ba, Allah ya sani. Yaya ya ce, "Kawu, in kuka kai ni gida, jiran likkafani za ni yi." Kawu ya ce, "To nan mi za ka yi, Lawali? Yamai ba ta ciyar da na zaune." Yaya ya sunkuyar da kai. Aka tsaida magana, ni zan tuƙa su.

Ana haɗa kaya matar Yaya, Zalika, ta jawo na'urar daga ƙarƙashin gado, duk yanar gizo, ta ce a tafi da ita ko a yar? Yaya ya daɗe yana duban na'urar. Can ya ce, "Issufu, ɗaure mini ita a benci."

Na ɗaure. Ya sa aka ɗauko wuƙar girkin Zalika, wadda ko albasa sai an roƙe ta. Ya tallafe ƙotar da gwiwa, ya murɗa bakin na'urar da hannun dama har ya kama. Ya fara ja. Da farko zufa kawai yake yi, yana tsaki. Sannu a hankali sai na ji sautin dutsen ya sauya, ya zama siriri, irin wanda na saba ji tun ina yaro. Da ya kwance wuƙar sai ya ɗauko hannunsa na hagu da na dama, ya kwantar da shi bisa cinya, ya shafa kaifin a kai. Gashi ya zube a wandonsa. Ya dubi Kawu ya ce, "Ka gani? Shi ma ya samu aiki." Kawu ya kai gefen rawaninsa ido. Shi kaɗai na kai tasha, Yaya ya yi zamansa a Yamai.

Sumana, abokinsa Bazabarme da suka yi shekaru a rumfa ɗaya, shi ya fara aiko masa da wuƙaƙensa. Daga nan aka kafa masa benci a bakin rumfar, mahauta da masu tsire suna kawowa. Bai sake yanka kilishi ba, kuma ba zan ce bai yi kewarsa ba, don na sha ganin idonsa yana bin hannun wasu. Amma kullum da safe ɗan kabu-kabu na ɗaukarsa, da yamma ya dawo da cefane. In na tsokane shi da ƙarfen ragwaye sai ya ce, "Ai gaskiya na faɗa, ban san dai da kaina nake ba."

Yanzu irin wannan na'ura ta cika kasuwar Katako, sabuwa fil cikin kwali. Samari na koyonta a waya, wasu kuma sun koma injin lantarki mai tartsatsi, wanda ke cinye wuƙa kafin ta tsufa. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Na san zai yi wa masu injin faɗa har su gudu. Masu na'urar kuwa, ina jin ba zai yi musu dariya ba. Zai tambaye su ko sun gwada kaifin, a kan me, don shi bai yarda wuƙa ta bar bencinsa da shaidar ƙarfe kaɗai ba. Tasa na'urar tana wurin Sumana har yau, duwatsunta sun lotsa a tsakiya, ya ƙi sauya su.

Me ya rage na Yaya? Bai bar gida na kansa ba, bai bar suna a jikin wani allo ba. Abin da ya bar mini, ni kaɗai na gan shi da kyau. Ranar da ya rasu ni na yi masa wanka. Da na ɗaga hannun hagun nan, wanda ya bushe ya ƙanƙance, wanda duk muka yi wa ta'aziyya tun yana raye, sai na iske damtsen sumul daga gwiwa har wuyan hannu, ko tsiron gashi babu. A nan ƙarfina ya ƙare, na yi kukan da ban yi a lopital ba. Ajali ya zo ya same shi a bakin aiki, kamar yadda ya so.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya maida maka hannunka cikakke a Aljanna.