Mika'ilu da Hanyar Bakin Teku

Ina zaune a rumfata a kasuwar Rano, ina ɗinkin kube, sai wani baƙo ya yi sallama, ya tambaya ko ni ne Alu baduku. Na ce ni ne. Bai zauna ba. Ya sauke wata jaka daga kafaɗarsa ya ajiye a gabana. Tun bai buɗe baki ba na gane ta, don ni na yanka fatarta, ni na ɗinka ta. Sai dai gishiri ya ci ta, ta yi fari-fari, ta ƙandare kamar ganda. Ya ce sunansa Shitu, fataucin goro yake yi, daga Keta ya taso, can bakin teku. Ya ce Mika'ilu ya rasu ranar wata Talata cikin watan Sha'aban, an yi masa sutura, an binne shi a maƙabartar Hausawan garin.

Na yi salati. Sai da baƙon ya nuna mini sannan na ga basilla ta shige mini babban yatsa.

Mika'ilu mutumin Kibiya ne. Tare muka yi allo a gaban malami ɗaya a Saji, shi yana haddacewa ni ina gyangyaɗi, in an zo biyawa ya riƙa raɗa mini. Mahaifinsa jagaban ayari ne, mai shiga gaba ya zaɓi inda za a yada zango. Sau biyu Mika'ilu ya bi shi Gwanja da jakuna, kafin jirgin ƙasa ya iso Kano ayari ya mutu. Bai gaji jaki ko gona ba. Hali ya gada. Ko nan da Yalwa zai je, ba ya fita sai ya san inda zai sha ruwa, da inda azahar za ta same shi, da gidan da zai kwana in tafiya ta ɓaci. Mutane suka sa masa suna Sai-an-auna. Bai damu ba, har amsawa yake yi.

Ya sayi tsohon keke wurin wani akawu a Kano, lokacin da in keke ya wuce mata sukan leƙo ta kan danga. Da shi yake ci. Ya kai wasiƙa, ya sayo allura da kananzir da maganin ido, Kibiya zuwa Rano, Rano zuwa birni. Bai taɓa ɓatar da saƙon kowa ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum bakin wandonsa a ɗaure da tsumma don kada sarƙa ta ci. Matarsa ta rasu wurin haihuwa, bai sake aure ba. In na matsa masa sai ya ce sai ya ga ƙarshen maganar Luba.

Luba ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu suka rage. Tana auren wani mahauci a Fammar, Gwadabe. Shekara ɗaya da tarewarta Gwadabe ya tafi kudu neman arziki, ya shekara goma sha ɗaya bai dawo ba. Amma kowace babbar salla wansa Baballe yakan shigo mata da goro ashirin da sandar sabulu, ya ce fatake ne suka kawo daga mijinta. Bana ya ce daga Kwatano, baɗi daga Lome, wata shekarar daga Ankara ta bakin teku. Da wannan goron babu mai iya cewa miji ya ɓata, babu mai iya cewa ya manta da ita. Ita kuma kunya ta hana ta kai ƙara. Ta ce auren da mahaifinta ya ɗaura, daga bakin mijin take son jin ƙarshensa. Tana nan a gidan, ba aure ba saki, tana jinyar uwar mijin da ɓarin jikinta ya shanye. Ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ke ba ta kunu a baki. Ta shiga gidan da ƙuruciyarta, har furfura ta fara leƙo mata.

Wata rana Mika'ilu ya dawo daga gaishe ta, ya jingina keke a rumfata, ya ce mini, "Zan je in same shi. Ko ya biyo ni, ko ya rubuta."

Na ce to ya hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga can ya shiga na ruwa kamar kowa. Ya dube ni kamar na yi ɓatanci. Jirgin ruwa, in ji shi, ba ya tsayawa ƙauye-ƙauye, mutumin da yake nema kuwa mahauci ne, duk inda ake yanka zai iya raɓewa. A ƙafa kuma damina za ta riske shi. Keke ne kaɗai zai shiga kowane zangon Hausawa na bakin teku ya fito, tsakanin kaka da saukar ruwa.

Kusan shekara ya yi yana shiri. Ya shafe bangon zaurensa da farar ƙasa, ya ja layi da gawayi tun daga ƙofa har kusurwa. Ƙasan layin teku ne, wanda bai taɓa gani ba. Duk fatken goron da ya ji ya sauka, a Rano ko a birni, sai ya neme shi, ya saya masa fura, ya tatse shi da tambaya. Ni nake rubuta sunayen garuruwan da ajami, don nasa rubutun kamar kaza ta bi ta kan allo: Ikko, Badagiri, Kwatano, Lome, Keta, Ankara. Inda ake haye ruwa da kwalekwale ya sa ɗigo biyu. Inda ƙasar Ingilishi ta ƙare ta Faransa ta fara ya goga jar ƙasa, don a nan ake tambayar takarda, a nan kuma sule ba ya sayen ko ƙosai sai an canza shi. Takardar nan sai da ya je Kano sau huɗu kafin ta samu, har da hoto, wanda ya fito a ciki kamar an kama shi da akuyar sata.

An gaya masa iskar teku tana cin ƙarfe, sai ya cika tandu da man kaɗanya don shafa wa sarƙa. An ce ruwan teku ba ya shayuwa, bai yarda ba sai da mutum uku suka faɗa masa, kowa daban. Ranar ya zo mini rai a ɓace, yana cewa ruwa iyakar ganinka amma ƙishirwa ta kashe ka, ya sa na ɗinka masa ƙananan salka biyu. An ce a wurare da yawa hanyar rairayi ce zalla. Sai ya riƙa zuwa busasshen rafin bayan Fammar da tsakar rana, ya ɗaure duwatsu daidai nauyin kayansa a kariyar bayan keke, yana tuƙawa yana faɗuwa. A nan ya gano in an rage wa taya iska kaɗan keke ba ya nutsewa. Mata masu tonon ruwa suna ta dariya. Wani Bafulatani ya tsaya da shanunsa ya gama kallo, ya ce masa in abin hawa ya rasa, zai ba shi aron takarkari.

Guzurinsa kilishi da ƙuli-ƙuli da dakuwa. Na gyaran taya kuwa, tib biyu, faci, sholisho, famfo. Komai sai da ya ɗora a sikelin 'yan gyaɗa. Da nauyi ya wuce abin da ya yanke, ya cire riga ta uku, ya bar buta.

Yanzu na zo kan maganar Baballe.

A duk shekarar nan babu wanda ya fi Baballe zama a zauren. Kowace ranar kasuwar Kibiya yakan taho daga Fammar, ya miƙe ƙafa a tabarmar Mika'ilu, ya sha furarsa, ya ɗaga kai ya dubi bango, ya ba da shawara. Shi ya ce a tsananta bincike a Kwatano. Shi ya ce a tambayi mahautan da ke kusa da inda jirage ke tsayawa. "Surukina" yake ce wa Mika'ilu, yana cewa in ya ga ƙanen nasa ya ja masa kunne da kyau. Ana jibi tafiya har addu'a ya ja, muka shafa. Ni da bakina na ce wa Mika'ilu Allah ya ba shi surukin kirki. Har yau in na tuna sai in ji kamar in kurkure bakina da toka.

Sauran labarin daga Shitu na ji, da kuma takardar da ke cikin jakar. Mika'ilu ya bi layinsa gari-gari kamar yadda ya zana, kwana talatin da ɗaya. Babu wanda ya san Gwadabe a Kwatano, babu a Lome. A Keta ya same shi, da rumfar namansa da iyalinsa, ya shekara takwas a nan bai gusa ba. Gwadabe ya rantse bai taɓa aiko goro ko ɗaya ba. Abin da ya aiko, shekara bakwai da suka wuce, takardar saki ce mai shaidu biyu, kuma fatken da ya ɗauko ta ya dawo ya tabbatar masa ya damƙa wa wansa Baballe hannu da hannu. Ɗaya daga cikin shaidun yana da rai, shi ne limamin zangon. Suka zauna suka sake rubuta wata, suka sa ranar sakin ta asali.

Shitu ya ce Mika'ilu bai yi faɗa ba. Ya dai zauna a kan kututturen sarar nama. Dama zazzaɓi ya shige shi tun daga Lome, idanunsa sun yi rawaya, ya ƙi kwanciya don kada lissafin kwanakinsa ya ɓaci. Kwana shida ya yi a shimfiɗa. Da ya ga abin ba na tashi ba ne, ya nemi wanda zai yi arewa, aka kawo masa Shitu. Ya ba shi jakar, ya kwatanta masa hanyar Rano daga tashar Kano, zango-zango, har rijiyar da ruwanta ya fi daɗi, har rumfata. Keken kuwa ya bar wa limamin da ya yi jinyarsa.

Da ƙafa na kai labari Kibiya. Na fara nuna wa limamin garin takardar, aka aika Luba ta zo, ya karanta mata. Ya ce idda ta cika tun tuni. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Tambaya ɗaya ta yi, ko Yaya ya sha wuya.

Ran kwana uku ana zaman makoki a ƙofar gidan Mika'ilu, sai ga Baballe, yana share ido da bakin rawani. Ya yi ta'aziyya mai tsawo. Sannan ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Malam Alu, keken fa? An taho da shi?"

Na ciro takardar na miƙa wa liman, na roƙe shi ya karanta da ƙarfi. Ya karanta har sunayen shaidu. Na zaci Baballe zai yi musu, ko ya sunkuyar da kai. Bai yi ko ɗaya ba. Ya gyara zama.

"To tsohuwa fa?" in ji shi. "Wa zai juya ta? Ku da kuke hararata, akwai wanda zai zo ya kwashe mata bayan gida? Ni ban ce Mika'ilu ya tafi ba. Na ɗauka in ya kai Ikko ya ga ruwa zai juyo."

Da aka tambaye shi goron fa, ya ce a kasuwar Rano yake saya. Rumfa uku tsakaninta da tawa. Shekara bakwai ina gaisawa da shi yana wucewa da ƙunshin ganye a hammata.

Babu wanda ya taɓa shi. Liman ya janye gefen rigarsa. Mutane suka riƙa tashi ɗaya-ɗaya suna komawa ɗaya tabarmar, har ya rage shi kaɗai. Da ya ga haka ya miƙe, ya kaɗe wando. Kafin ya wuce ya sunkuya ya ɗauki dunƙulen gumbar sadaka, ta sadakar Mika'ilu, ya jefa a aljihu. Na zaga bayan katanga na yi ta tofar da yawu, bakina bai daina ɗaci ba.

Luba ta koma Fammar sau ɗaya, bayan bakwai. Ta wanke tsohuwar, wadda ba ta san komai ba a cikin wannan ƙazantar, ta yi mata kitso, ta ba ta kunu. Ta kira matan gidan ta nuna musu yadda ake juya ta don kada gyambo ya fito. Sannan ta ɗauki ƙwaryarta ta fito, ba ta kalli Baballe ba. Yanzu tana Kibiya, a gidan wanta. Bayan arba'in wani manomi daga Yalwa, mutum mai natsuwa, ya aiko yana nema. Wurina aka turo shi. Na tambaye ta, ta ce a ba ta lokaci, na ce lokacin nata ne, ba wanda zai sake yanke mata shi.

An turo shi wurina ne don Mika'ilu ya bar mini ita. Ranar da zai tafi na raka shi bayan garin Rano, kan hanyar Kano inda zai hau jirgin ƙasa da kekensa zuwa Ikko, da hantsi. Ya bi madaurin kayansa ɗaya-ɗaya yana ja, yana cewa in ɗinkina ya kwance a ƙasar Faransa zai gaya musu sunana da na garinmu. Sai ya daina dariya.

"Alu, in ruwa ya sauka ba ka gan ni ba, kada ka bari Luba ta zauna jirana. Ka shige mata gaba wurin alƙali, ko tana jin kunya. Jira ɗaya ya ishe ta."

Na ce ya dawo ya shige mata da kansa, ya san ni da tsoron gaban alƙali.

"Ka yi mini alkawari."

"Na yi."

Ya ɗora ƙafa a feda, ya taka, keke bai motsa ba. Ya waiwayo. Ashe hannuna yana riƙe da kariya ban sani ba.

"To sakar mini keken, ɗan'uwa," in ji shi. "Rana tana yi."