Audu Kacau da Mabuɗan da Ba Su da Ƙofa

Kafin ka ga Audu sai ka ji shi. Kacau, kacau, kacau, tun daga kwanar tasha har bakin kasuwa. Mutum siriri kamar sillen kara, amma ya ɗaura igiyar mabuɗai a ƙugu har tana karkatar da shi gefe guda. Ku da kuka san shi a Gusau kun san ba sharri nake masa ba. Ko a sahun salla, in ya yi ruku'u sai liman ya ji a jikinsa cewa Audu ya iso.

Ni aka ce in rubuta wani abu a kansa, wai don ni ne mai boko a majalisarmu. Bokon nawa aji huɗu ne, na huɗun ma rabinsa a gonar babana na yi shi. To ku yi haƙuri da abin da kuka samu. Kuma ina gaya muku tun yanzu, raina a ɓace yake.

Sana'ar Audu gyaran kwaɗo da yankan mabuɗi. Shekara da shekaru yana zaune a rumfarsa, ba ruwansa da kowa, sai aka ba mu jiha, Gusau ta zama babban birni. Muka yi murna, muka yi kiɗa. Ba a jima ba ma'aikata suka fara kwararowa daga Sakkwato da katifunsu, kowa na neman ɗaki. Masu gidajen haya idonsu ya buɗe. Wanda ya shekara goma a ɗaki yana gaishe ka da safe, rana ɗaya ya zama ƙaya a ƙafarka.

Ina zaune a rumfarsa ranar da wani Alhaji mai gidaje ya zo, ba zan faɗi sunansa ba, yana cikin masu karanta wannan takarda.

Ya ce, "Audu, taso ka ɓalle mini kwaɗon ɗakin wata 'yar haya."

"Mai ɗakin ta yar da mabuɗi?"

"A'a, ta tafi Bungudu gaisuwar mutuwa."

"To in ta dawo ta buɗe abinta mana."

"Kai Audu, ka cika tambaya. Na ba wani ma'aikaci ɗakin."

Audu ya ajiye zarto, ya dube shi sama da ƙasa. "Alhaji, wanga aiki na ɓarayi ne. Su kuma ba su zuwa da rana, ba su sanya babbar riga. Ka je ka nemi shawararsu."

Alhaji ya je ya sa guduma da hannunsa. Bayan kwana biyu mai ɗakin, Inna Hauwa mai ƙosai, ta dawo, ta tarar da tukwanenta da tabarmarta a bakin kwata, mabuɗinta kuwa yana nan ɗaure a bakin zane. Ta kwance shi za ta jefa a kwatar, Audu ya riƙe mata hannu. "Inna, ba ni shi. Shaida ne." Wannan shi ne na farko a igiyar. Daga ranar duk wanda aka watso wa kaya waje, ko hanya ta bi ta kan ɗakinsa, Audu zai je ya roƙi mabuɗin. Kuma kowanne ya san mai shi, ya san inda yake kwana yanzu.

Da ya ji ana cewa gwamnati ba ta taɓa komai sai abin da aka rubuta a kasafin kuɗi, shi ke nan, ya samu abin yi. Ranar da za a karanta kasafi a rediyo, Audu zai yi wanka, ya sa rigarsa ta Idi, ya zauna gaban akwatin kamar an gayyace shi. Batir kuwa ba ya saye. Tsofaffi yake shanyawa a rana, ya ce sun huta sun dawo. Sai murya ta yi ƙasa daidai wurin da ake so a ji, ya ɗauki akwatin yana jijjigawa.

Aka karanto motocin manya. Aka karanto katangar ofisoshi. Aka karanto furannin da za a shuka a shataletale.

Audu ya miƙe tsaye. "Furanni! Fure ya samu wurin kwana da mai ba shi ruwa, Inna Hauwa tana rumfar mahauta! Ina layinmu cikin kasafin?"

Na ce, "Audu, mai karantawar nan ba fa jin ka yake ba."

"Na sani. Ko ina gabansa ba ji na yake ba. Gara wanga, ina iya kashe shi."

Wannan "Ina layinmu?" ita ta zama gaisuwarsa. Ka ce masa ina kwana, ya ce maka ina layinmu. Abin da yake nema bai fi ƙarfin kowa ba, ni na rubuta masa takardar, na sani: a ware wani abu duk shekara, a yanka filaye ga waɗanda aka tasa, a taimaka da kwanon rufi da itace ga wanda ruwa ya rushe wa ɗaki, a gina 'yan ɗakuna inda wanda aka kora zai fake kafin ya samu madafa. Na sa "Ranka ya daɗe" sau uku a takardar, ya ce in goge biyu. "Guda ya ishe shi. In ya sa layin mu ƙara mishi."

Muka kai takardar wani ofis. Sai da muka yi sawu biyar kafin a bar mu mu ga mai kujerar. Mutum mai fara'a, ga sanyin na'ura, ga tebur da gilashi a kai.

Ya ce, "Baba, ai komai sai an sa shi a kasafi."

"To sa shi."

"Ba ni ke sawa ba."

"Wa ke sawa?"

"Kwamiti."

"Ina gidan Kwamitin? In je in gaishe shi."

Mutumin ya yi dariya. Audu bai yi ba. Ya kwance igiyar, ya zazzage ta a kan gilashin nan, ƙara kamar an kifar da kwanukan amarya. Ya fara ɗagawa ɗaya ɗaya. "Wanga na Inna Hauwa. Wanga na Mamman direba, shina kwana cikin mota, matarsa ta koma gidansu da ɗiya huɗu. Wanga daga 'Yankuzo na tono shi cikin laka." Wannan ma gaskiya ne. Da ruwa ya kwantar da gidaje a wajen Tsafe, Audu a saman buhunan masara ya hau motar kaya ya tafi, don ya ce kujera ba ta riga buhu isa ba. Ana tonon hatsi da akuyoyi, shi yana tonon mabuɗai. Mutanen garin suka ɗauka taɓaɓɓe ne, har wata tsohuwa ta ba shi fura don tausayi. Ya shanye, ya nemi ƙari.

Masinja ne ya raka mu waje da ladabin da ya fi duka ciwo.

To ku ji ikon Allah. Bayan wata biyu sai ga masinjan nan a rumfa yana haki. Mabuɗin durowar ƙarfe ta maigidansa ya ɓace, takardun da za a shiga taro da su suna ciki, kuma duk Gusau ba mai buɗe irinta sai Audu. Ya tafi yana taku ɗai-ɗai kamar ango. Ya durƙusa gaban durowar, ya sa waya, sai ya tsaya.

"Ranka ya daɗe, ina layinmu?"

"Baba, buɗe tukuna. Insha Allahu za a duba."

"Insha Allahun Musulmi ko ta ma'aikata?"

Mutumin ya rantse ta Musulmi ce. Audu ya buɗe, ya ƙi karɓar ko kwabo. Kasafi ya fito, muka kasa kunne har batir ya mutu, muka ari rediyon mai shayi. Babu. Audu ya ninke rigar Idinsa, ya ce, "Ta ma'aikata ce."

Kuna dariya ko? Haka muka yi ta yi shekara uku. Mu muka sa masa Kacau. Da ya ce mu raka shi ofis, kowa sai ya tuna yana da ɗaurin aure. Da damina ta kama Inna Hauwa da tari, a cikinmu masu zaure biyu biyu ba wanda ya motsa. Audu ne ya kwashe tabarmarsa ya ba ta ɗakinsa guda ɗaya, ya koma kwana a rumfa tsakanin kwaɗuna. Sanyin da ya kwantar da shi a can ya same shi. Mutumin da ya yanka wa rabin garin nan mabuɗi ya ƙare ba shi da ƙofar rufewa. Ku gaya mini wannan ba abin kunya ba ne, gare su da gare mu.

Da ciwo ya yi nauyi na ɗauko shi zuwa zaurena. Ranar Laraba da hantsi ya jawo igiyar, ya laluba, ya ware wani mabuɗi da aka ɗaura wa jan zare.

"Malam mai boko, karanta mini wanga."

Ba sai na karanta ba. Na ɗakin bayan gidana ne. Sani tela ya shekara takwas a ciki da iyalinsa, na tashe shi na sa wani ma'aikaci. Ban kira Audu ba lokacin, guduma na ara.

Na ce, "Tun yaushe yake wurinka?"

"Tun ranar."

"Shekara biyu kana shan furata ba ka ce komai ba?"

"In na faɗa ka hana ni furar. Kuma wa zai rubuta mini takarda?" Ya yi tari, ya tura mini igiyar duka. "Su can ban iya da su ba. Kai ko ƙofarka kusa take."

Ma'aikacin ya daɗe da samun gidan gwamnati, ɗakin buhunan dawa na zuba a ciki. Na kwashe su washegarin jana'izar Audu. Na aika wa Sani, ya dawo da keken ɗinkinsa, ni kuwa ban iya kallon idonsa ba. Na cire mabuɗi ɗaya daga igiyar. Sauran suna nan, kuma wallahi da nauyi, ban san yadda ƙugun nan nasa ya ɗauka ba.

An ce yanzu farar hula sun hau, suna rubuta kasafin baɗi. Ranar Litinin zan ɗaura igiyar in tafi da sabuwar takarda, "Ranka ya daɗe" guda ɗaya a ciki. Wanda ya yi dariyar Audu ya zo ya raka ni. Alhaji, har da kai, kuma ka bar gudumar a gida.

Allah Ya jiƙan Audu, Ya yafe masa, Ya yafe mana abin da muka yi shiru a kai. Allah Ya yalwata masa makwanci, Ya ba shi ɗakin da ba mai tashinsa. Amin.