Ranar da Yaya Bukar ya dafa ƙarfe a tukunyar shayi

Shekara tara ke nan da rasuwar Yaya Bukar bakanike, ɗan wan mahaifina, amma duk ranar da na ɗaga murfin mota sai ya faɗo mini a rai.

Kwando goma sha biyu na ɗanyen kifi na ɗauko daga Guri a motata a-kori-kura, za ni Kano, kuma kifi ba ya jira. Ina shiga Haɗeja inji ya ɗau zafi, ruwa na tafasa. Da ƙyar na lallaɓa garejinsa.

Ya kwance ya zaro tamostat, ɗan ƙarfen nan da ke tsare ruwan inji har ya yi zafi kafin ya sake shi zuwa lagireto. A garinmu cire shi ake yi a jefar, wai na ƙasar sanyi ne.

Na ce, "Yaya, yar da shi in wuce."

Ya ce, "Ɗanjuma, kai ka san kifi. Wanda ya sa shi nan ba mahaukaci ba ne."

Ya ɗaure shi da waya, ya tsoma a tukunyar mai shayin bakin gareji, mai shayi na ta mita. Ruwa ya tafasa, ƙarfe bai motsa ba. Ya aika aka sayo sabo. Na ɗauka an gama, sai ya tsoma shi ma. Shiru. Ya mayar wa mai shago da shi, aka kawo wani, ni kuwa ina jin warin kifi na tashi. Na uku ne ya buɗe baki a hankali, kamar tarwaɗa, ba wanda ya taɓa shi. Da aka tsamo shi ya huce, ya rufe da kansa. Yaya Bukar ya ce, "Subhanallahi," kamar bai taɓa gani ba.

Yau matasa na'ura suke jonawa ta faɗa musu ciwon mota. Ina jin da zai yaba mata, sannan ya ɗora ruwa.

Kwando huɗu suka lalace ranar, na yi mako ba na gaishe shi. Abokan sana'ata da suka jefar da nasu tamostat sun sauke inji tuni. Tawa motar ba a taɓa buɗe injinta ba, ita ta ɗauko gawarsa daga asibiti, gobe ma za ta Guri. Allah ya jiƙansa.