Wasan da Na Ƙarasa a Kasuwar Awe

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sabo, kuma har yau ban yi masa kuka ba. Ba taurin zuciya ba ne. Shi ya koya mini riƙe hawaye, ni kuma na iya fiye da yadda ya kamata.

Yaya Sabo ya dawo Lafiya daga jami'a a shekarar da aka ba mu jiha. Sa'o'insa na rububin kujerun gwamnati, shi kuwa ya zo da digirin wasan kwaikwayo. Babanmu ya jujjuya takardar ya ce, "Shekara huɗu kana koyon abin da 'yan kama suka iya ba makaranta?"

Amma karatun ya zauna masa a jiki. Ya tara mu mu takwas, har da ɗan acaɓa da wata malamar firamare 'yar Eggon, muna gwaji a gindin mangwaro a Azuba, lokacin da wurin gonaki ne. Sai mu yi wata biyu a kan wasa ɗaya, in mun yi ƙorafi ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Dokoki biyu ya kwaso daga malamansa: wasan da aka fara ba a yanke shi, kuma ɗan wasa ba ya kuka. "In ka yi kuka ka cinye rabon 'yan kallo," in ji shi. "Riƙe shi a maƙogwaro, su za su zubar maka."

Ranar da ya rasu muna da wasa a kasuwar Awe, kan rikicin manomi da makiyayi. Zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku, sai ya ce in hau matsayinsa, na tsohon makiyayin da aka kashe wa ɗa. Muna tsakiyar wasa na hango maƙwabcinmu Malam Audu ya sauka daga mashin, ya tsaya bayan mata masu sayar da gishiri, ya ƙi haɗa ido da ni. Ba abin da zai kawo Malam Audu Awe in ba wannan ba. Na gane, kuma na ci gaba. Na tsaya a kan gawar ɗan makiyayi, murya ba ta yi rawa ba, matan gishiri suka yi ta share ido da gefen mayafi. Ban taɓa wasa mai kyau kamar na ranar ba.

An jira ni a gida har aka gaji. Da muka iso Lafiya, mutane na dawowa daga maƙabarta. Innarmu ta dube ni ta ce, "Ka ci abinci?" Ba ta taɓa tayar da zancen ba har yau.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga garin yanzu. Keke napep ta cika titi, gidaje sun cinye mangwaronmu, samari na zama 'yan fim cikin mako guda, suna shafa man zafi a ido don hawaye ya zo. Na san zai yi dariya har ya riƙe ciki. Abin da ban sani ba shi ne ko zai ce na yi daidai ranar. Wani lokaci ina jin zai ce, "Haka ake yi." Wani lokaci kuma ina jin zai ce, "Kai wawa ne, dokar makaranta ce, ba aya ba."

Da abin da ya koya mini nake ci da iyalina, a rediyo da dandalin wayar da kai. Mutum huɗu cikinmu har yanzu suna wasa, suna koya wa wasu. Wannan ya rage daga gare shi, kuma ba kaɗan ba ne. Sai dai an ce labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa tawa ta daina ba da labari.

Duk shekarun nan ban taɓa cewa a nuna mini kabarinsa ba, kunya ta hana. Juma'ar da ta wuce na roƙi Malam Audu ya raka ni. Maƙabartar ta cika, damina bakwai ta baje ƙasa. Ya daɗe yana zagayawa, sannan ya tsaya tsakanin kaburbura biyu ya ce, "Wallahi ko wannan ne, ko wancan."

Na tsuguna a tsakiya na yi musu addu'a su biyun. Allah Ya jiƙan Sabo, da wanda ke kwance kusa da shi.