Ranar da na sa kwat zuwa Indabo

Ina cikin shekarata ta biyu a aikin malamin gona da wata ƙungiya mai taimaka wa manoma a Wudil aka tura mu bita Kano. Kwana uku muka yi a wani otal mai sanyin da har yatsu ke ƙagewa, ana koya mana yadda ake tsayawa gaban jama'a a yi magana. Mai koyarwar wani siririn mutum ne mai gilashi, wanda daga ganin tafin hannunsa ka san bai taɓa riƙe fartanya ba. Ya kashe fitila ya kunna majigi, ya dinga nuna mana hotunan Turawa cikin kwat, yana cewa kafin mutum ya buɗe baki tufafinsa sun riga sun yi rabin jawabin. Baƙi ko shuɗi mai duhu, in ji shi, shi ke sa a yarda da kai. Takalmi kuma ya zama yana ƙyalli. Ban ji wanda ya tambaye shi ko ya taɓa yi wa manomi magana ba. Ni ma ban tambaya ba. Rubutawa nake ta yi, har da jan layi a ƙarƙashi.

Muna dawowa damina ta kankama, sai ga tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta ɓulla a ƙauyukan Indabo. Shugaban ofishinmu, wanda duk muke kira Alhaji, ya ce ni zan je in yi wa manoma bayani, shi yana da taro a birni. Alhaji kullum yana da taro a birni in dai hanyar da za a bi babu kwalta.

Ranar Juma'a na shiga kasuwa, na wuce kara da hayaniyar shanunta, na nufi rumfunan 'yan gwanjo. Na zaɓi baƙar kwat mai kauri, irin wadda aka ɗinka don ƙasar da ƙanƙara ke zuba, da wandonta, da jan nakatayi na ɗaurawa a wuya. Mai gwanjon ya rantse kamar a jikina aka auna, alhali hannuwan rigar sun rufe min yatsu, wandon kuma ya ɗame ni. Takalmi kuwa na ɗaurin aurena na ciro, mai tsinin baki, na goge shi har ina ganin fuskata a jiki.

Nakatayin ya ci min kusan rabin sa'a da safen tafiyar, don mai gilashin ya nuna mana shi a ɗaure, bai nuna yadda ake ɗaurawa ba. A ƙarshe na yi masa irin ƙullin da muke yi wa bakin buhu. Na fito tsakar gida matata tana tankaɗe. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta tambaya ko kotu aka kira ni. Na ce gona za ni. Ta ce to Allah ya kiyaye hanya, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗenta, kafaɗunta na rawa.

Kafin babur ɗin ofis ya fitar da ni daga gari gumi ya jiƙe min baya.

Na tarar da manoman sun cika gindin wata darbejiya, zaune a kan tabarmi. Sau biyu na taɓa zuwa ƙauyen cikin kaftani, kuma duk zuwa sai an tambaye ni gajiya, da iyali, da ruwa, da mutanen Wudil ɗaya bayan ɗaya. Ranar nan gaisuwar gajeriya ce. Mai unguwa ya kira ni Yallaɓai, ya sa aka kawo kujerar roba. Na so in durƙusa in gai da dattawa, wandon ya ƙi, sai na miƙa musu hannu a tsaye, daga sama, kamar mai raba sadaka.

Na fara yadda aka koya mana, ƙirji a buɗe, ido cikin ido. Na tambayi wa ke da gonar masara. Babu wanda ya motsa. A bayansu kuwa masara ce kore shar har inda ido ya tsaya. Na tambayi wa ya ga tsutsa a gonarsa. Wani ya amsa daga baya cewa bana lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. Da na zaro littafi daga jaka na ce zan rubuta sunaye da girman gonaki don a san yawan maganin da za a kawo, sai tabarmin suka fara yin fili. Wannan ya tuna ya bar akuya a rana. Wancan ya ce cikinsa ya juya.

Sai daga baya na ji dalili. Wasu shekaru kafin nan wasu masu kwat sun zo da littafi irin nawa, sun rubuta sunaye, sun auna fadama. Abin da ya biyo baya shi ne an karɓe wani yanki nata don wani aiki, kuma har ranar da na je allon sanarwa kawai aka kafa, shi ma ya yi tsatsa. Wato tufafina sun yi rabin jawabin kamar yadda aka yi alkawari, sai dai ba jawabin da na zo da shi ba.

Wani tsoho mai farin gemu da ke jingine da bishiyar ya daɗe yana ƙura min ido. Can ya ce, "Kai, ba ɗan mai gyaran rediyon nan na bakin tasha ba ne?"

"Ni ne, Baba."

"To me ya same ka a wuya?"

Dariyar da aka yi har matan da ke leƙowa ta kan danga sun taya. Tsohon ya bari ta lafa, sannan ya ce in da gaske don tsutsa na zo, ita ba ta zuwa taro, tana gona. Ya miƙe ya ɗauki sandarsa, ba ni da yadda zan yi, na bi shi.

An kwana ana ruwa. Taku na uku a cikin kunyar gona takalmin ɗaurin aure ya nutse, na ja ƙafa ta fito da safa kawai. Na sunkuya in zaro shi, wandon ya yi wata ƙara a baya wadda kowa ya ji, kowa kuma ya yi kamar bai ji ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Daga nan na haƙura. Na tuɓe kwat ɗin na rataye a kan kara, na kwance ƙullin buhun, na saki farar rigar ciki ta rufe min baya, na shiga ba takalmi. Na buɗe zuciyar masara ɗaya, na nuna musu kashin tsutsar mai kama da dusa, na zaro ta da tsinke na ɗora a tafin hannu. Na ce maganin cikin zuciyar ake fesa shi, da sassafe ko da yamma, ba a kan ganye da rana tsaka ba. Kafin in gama kowa ya zama mai gonar masara. Mai akuya ya dawo, mai ciwon ciki ya warke, kowa na jan hannuna in je in ga tasa.

Da na koma gida matata ta karɓi takalman da hannu ɗaya, wandon da ɗayan, ta ɗaga shi ta leƙo ni ta cikin yagar. Abin da kawai ta tambaya shi ne wa ya ci shari'ar.

Na yanke a raina cewa manomi irinsa yake so. Don haka bayan mako biyu, da za mu irin wannan taro a Darki, na sa wata koɗaɗɗiyar riga da nake wankin babur da ita, da silifas, da malafa. Wannan karon Alhaji ya zo, don masu tallafa mana sun turo mai ɗaukar hoto. Babbar riga ya sa ta shadda, sitacinta har ƙara yake yi in ya motsa, turarensa kuma ya riga mu fita daga mota.

Dagacin ya tari Alhaji hannu bibbiyu, sannan ya nuna ni ya tambaya ko a kai wa direba fura. Da aka gaya masa ni ne malamin da zai yi bayani, fuskarsa ta sauya. Ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, mu ma mutane ne. Ka ga wani a cikinmu ya zo da kayan gona?"

Na duba. Kowane manomi cikin rigarsa ta Juma'a yake, wankakkiya, da hula. Duk taron babu mai dauɗar tufafi irina.

Alhaji ya ce tunda haka ne in ba shi takardar bayanin da na rubuta. Ya tsaya ya karanta rubutun da bai taɓa gani ba, yana gyara hannun riga a kafaɗa bayan kowace jimla. Inda na rubuta kada a fesa da rana tsaka, ya tsallake kalmar farko. An tafa masa sosai. Da aka zo hoto aka ba ni ƙyallen ƙungiya in riƙe ta baya, yadda yatsuna kawai suka fito.

Bayan an watse, Alhaji na cikin zauren dagaci yana cin kaza, manoman suka dinga zagayowa bayan mota ɗaya-ɗaya, suna tambayata a hankali me Alhaji yake nufi. Na tsuguna a ƙasa na maimaita bayanin ya fi sau goma, ina gyara maganar rana tsaka ba tare da na ce wani ya yi kuskure ba.

Rahoton da aka aika ya fito da hoton Alhaji a bakin gona, ya tattare riga da hannu ɗaya, yana nuna masara daga nesa da ɗayan. Ƙarshen shekarar aka yi masa ƙarin girma. Ni kuwa na sayi yadi mai sauƙi, ruwan ƙasa, na kai wa telan unguwarmu ya ɗinka min kaftani biyu. Ya tambayi irin aikin da zai yi a wuya, na ce kaɗan ya isa, amma wandon ya sake shi sosai, ya kuma yi min aljihu mai zurfin da zai ɗauki kwalbar da nake saka tsutsa.