Inna Zinariya Mai Saukar da Ƴan Bak

A Madawa, bayan tasha, akwai wata mai sayar da dambu da ake kira Zinariya. Mijinta ya rasu ya bar mata gida, da ƴar gona a Sabon Gida, da ɗa guda, Bashiru, wanda ya bar lakkol, wato makarantar boko, tun yana koleji. A gidan take saukar da ƴan ƙauyen da suka zo lise, babbar sakandare, ba su da kowa a gari. Ba ta san ko bihim ba, amma da bak, jarrabawar gama lise, ta ƙarato tana ganewa: yara su rame, dariya ta ɗauke, wani ya tasa tuwo gaba yana kallon bango. In ta ga haka sai ta ƙwace littafin ta ce, "Tashi ka ɗebo mini ruwa, kanka ya sha iska."

Cikinsu akwai Lawali ɗan Galma, wanda ya taɓa faɗuwa bak, yana maimaita tarminal, ajin ƙarshe. A shekarar ruwa ya sauka da wuri. Ana dab da jarrabawa ubansa, Malam Almu, ya aiko ya koma gida noma. Lawali ya ɗaure kayansa yana hawaye. Zinariya ta ce ya kwance, ta hau kabu-kabu har Galma.

"Malam, ka bar yaron nan ya ƙare. Abu ya zo gangara."

"Zinariya, takarda za mu ci? Ƙafata ta ƙi, hakin nan wa zai nome mini shi?"

Ta ce, "Ɗana zai zo."

Ba ta shawarci Bashiru ba. Ya tafi don ba ya iya musa mata, amma da zai fita ya ce, "Inna, ɗan wani kin ba shi alƙalami, ni kin ba ni hauya." Kafin ya gama noman Galma, haki ya cinye tasu gonar. Lawali ya ci bak, aka yi guɗa, ya wuce jami'a a Yamai. Bayan kaka Bashiru ya hau motar Abijan, sallamar ma a bakin ƙofa ya yi ta.

Da farko Lawali yakan kira. Daga baya sai ranar salla, daga nan shiru.

Bara ta ji a kasuwa cewa Lawali ya zo Madawa taro, a farar motar wani furoje na raya karkara. Ranar ba ta fita talla ba. Ta yanka kaza, ta share tsakar gida, ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Da la'asar direba ya yi sallama da buhun shinkafa, ya ce maigida na gaisuwa, aiki ya yi masa yawa, sun kama hanyar Tawa. Ta yi godiya, ta raba wa ƴan lakkol ɗinta kazar, ita ko loma ba ta kai ba.

Labari ya kai Abijan. Bashiru, wanda ya daɗe bai kira ba, ya bugo.

"Inna, na ji ɗanki mai bak ya zo. Ya gaishe ki?"

"Ba na jin ka, Bashiru," in ji ta. "Rezo ba kyau."

Ya yi dariyar da ba ta daɗi ba, ya kashe.