Turmin Hansai da Makarantar Tasi'u

Rigimar Hansai mai fura da Tasi'u makaɗi a kan ƙwarya ta fara. Ta shanya ƙoranta shida a ƙofar gida, ta shiga ta fito, babu ko ɗaya. Ta bi ƙara har gindin tsamiya, ta tarar samari takwas na jibgar su, har da jikanta Jamil, Tasi'u na tsaye a kansu.

"Kai Tasi'u, uban wa ya ba ka?"

"Inna, makaranta ce."

"Makarantar fasa ƙwarya? Allah wadaran karatunka!"

Tasi'u ɗan garin Achika ne. Ya gaji kalangu wurin ubansa, ya shekara ashirin yana yi wa mahauta kiɗa a kasuwar Juma'a. Da kowane mahauci ya sayi waya mai waƙa, sai ya zama ba mai waiwayarsa sai shanu. Shi ne ya koma tattara yaran da ke kwankwaɗar maganin tari a ƙarƙashin gada, wai kiɗa zai hana hannunsu buɗe kwalba. Kalangu ɗaya gare shi, shi ma ya huje.

Tausayin Jamil ne ya hana Hansai kai ƙara wurin mai unguwa. Ubansa ya rantse in aka sake ganinsa a buge, gidan mari zai kai shi a sa masa ƙarfe a ƙafa. Ita kuwa, duk zagin da take yi wa yaron, ba ta iya ganin haka.

Ta ce, "Kiɗa kuke so? Ku biyo ni."

Ta jawo turmi, ta zuba geron fura, ta miƙa taɓare uku. Lugude ke nan: mutum uku, turmi ɗaya, kowa da lokacin saukarsa. Wanda ya sha abinsa hannunsa kan yi nauyi ya makara, taɓaryar na kusa ta sauka masa a yatsa. Ranar farko Jamil ya yi ihun da ya watsa kajin maƙwabta.

Tasi'u ya daka tsalle. "Inna, ko asibiti ba su da wannan na'ura!"

"Rufe min baki, ka ba su waƙa."

Bayan wata huɗu uban Jamil ya zo bincike. Jamil ya cilla taɓarya sama, ya tafa sau biyu, ya cafe, ya sauke daidai.

Hansai ta ce, "Duba yatsunsa. Ka ga kumburi?"

Uban ya duba goman duka. Ya fasa maganar mari, ya fita yana ƙunƙuni wai ya haifi namiji an mayar masa da shi mai daka.

Bara iyayen yara na garin Darki suka roƙi Tasi'u ya koma can ya kama nasu yaran. Ya zo sallama, yana magana yana shafa bakin turmi.

Hansai ta doke hannun. "Ɗauke idonka daga turmina. Akwai tsofaffi a Darki. Je ka saci ƙwaryarsu, da kansu za su ba ka turmi."